Tarhon Baffa Ban-lai da Teburin Kakanni

Duk wanda ya ƙara ce mini wai allolin gida ne suka haɗa auren Baffa Ban-lai, zan ɗaga rigata in nuna masa filastar da ke manne a ƙuguna har yau. Alloli ba su goyi kowa ba. Ni na goya, ni Siu-kiau, kuma tunda unguwa ta ƙi faɗin gaskiya, bari in rubuta ta da hannuna.

Baffa Ban-lai ƙanin mahaifina ne, autan ɗakinsu. Sana'arsa madambaci na gora, irin wanda ake turara burodi da wainar sabuwar shekara, a shagon da ke ƙasan gidanmu na gado a garin Lukang. Tun yana yaro ubansa ya zaunar da shi a kan wani benci, a kansa kuma ya yi furfura. Siriri ne kamar tsinken cin abinci. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana soja, na dama kuwa sai ranar da ya ga dama. Amma in ya lanƙwasa gora ya ɗinke bakinta, jikokinka ma za su ci abinci daga wannan madambacin.

Bai taɓa aure ba, kuma duk garin an san dalili. Yana saurayi aka kai shi ganin 'yar wani mai shagon magani. Yarinya ta fito da farantin shayi tana sunkuyar da kai, Baffa ya ce zai zaga bayi, ya fice ta taga. Takalminsa ƙafa ɗaya ya bari a can. Karo na biyu cikinsa ne ya ɓaci tun a hanya. Daga nan masu haɗa aure suka sallama shi. Ya zauna ya yi jinyar ubansa, ya yi jinyar uwarsa, ya binne su, ya ci gaba da neman izininsu kamar suna zaune a falo.

Ba wasa nake yi ba. Kullum safiya sai ya ja gwiwoyinsa ya hau har hawa na huɗu inda teburin kakanni yake, ya kunna turare, ya ɗauki pue, 'yan itatuwan nan biyu masu siffar jinjirin wata, ya yi tambaya ya jefa su ƙasa. In ɗaya ya kifu ɗaya ya buɗe, an ce e. In duka suka kifu, an ce a'a. In duka suka buɗe suna lilo, to dariya ake yi maka, sai ka sake tambaya. Haƙorinsa da ya ruɓe ya kwana biyu yana azaba saboda Kaka, marigayiya uwarsa, ba ta yarda a cire ba. Tukunyar dafa shinkafa ma sai da aka nemi amincewar matattu kafin a sauya ta.

Sai ga Siok-tin. Bazawara ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, madarar waken suya take sayarwa a kasuwar safe, muryarta kuma tana kaiwa har gindin haikali. Ta kawo madambaci gyara. Bayan kwana kaɗan ta sake kawo shi. Madambaci ɗaya ya yi ta zuwa gyara har ya fi sabo kyau. Na ga Baffa ya fara shafa mai a gashi, mutumin da gashinsa bai fi a ƙirga ba.

Na ce, "Baffa, wannan ƙamshin fa? Kyankyaso kake kora?"

Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya zama wuri ɗaya tun kina ƙarama."

Amma bai yi mako ba ya faɗa mini komai, yana kallon ƙasa kamar wanda ya saci kaza. Siok-tin za ta tafi tsibirin Penghu wurin babban ɗanta kafin sabuwar shekara. Ran Lahadi 'ya'yanta duka za su taru, za ta faɗa musu Baffa na neman aurenta, sannan ta kira shi da amsa. Ta kafa masa sharaɗi. Kada ya kira ta, domin surukarta ce ke ɗaukar tarho a gidan. Kuma shi zai ɗauka da hannunsa. Ta ce masa, "In na kira ba ka ɗauka ba, Ban-lai, na san ka sake bin taga. Ni kuwa ba na ajiye takalmin kowa."

To, a wannan makon ne ƙanena Bun-hiong, wanda ke zaune da matarsa a hawa na uku, ya ga dama ya sauya wa gidan layi. Wai tarho na bin intanet yanzu, lamba ba ta sauyawa, wai zamani ya zo. Mai haɗawa ya zo ya kafa akwati mai 'yan fitilu a ɗakinsa, ya ce a soka wannan 'yar wayar a soket ɗin bango, duk tarhon gidan zai ɗauka. Bun-hiong ya soka. Bai ɗaga ko tarho ɗaya ya saurara ba, don shi yana da salula a aljihu. Ya kwashi matarsa suka tafi yawon ƙarshen shekara na kamfaninsu. Mutum mai digiri biyu!

Ran Alhamis sai ga Baffa a ƙofata a kan keke, fuskarsa kamar an wanke.

Ya ce, "Kiau, tarho ya mutu."

Sai ka san tarhon Baffa kafin ka gane girman mutuwar. Baƙi ne, yana kafe a bangon shago tun zamanin Kakanmu, hannunsa nauyi kamar taɓarya, ƙararrawarsa ta ƙarfe tana tayar da karen maƙwabta. Shi kaɗai ne tarhon da kunnen Baffa ke ji a duniya. Ba shi da kan sokawa, wayarsa cikin bango ta shige kai tsaye. Na ɗaga na kara a kunne. Shiru kamar maƙabarta.

Na kira kamfanin da salulata. Wata yarinya ta ɗauka da murya kamar an jiƙa ta da zuma.

Ta ce, "Yi haƙuri, Anti. Akwai ƙaramin tarho kusa? Ki zare wayar da ta tafi bango, ki soka shi a jikin akwatin kai tsaye."

Na hau hawa na uku, na ɗauko na ɗakin Bun-hiong na soka. Sai ga ƙugi, tuuu, lafiya ƙalau.

Ta ce, "To akwatinmu lafiyarsa ƙalau ke nan, Anti. Matsalar a wayoyin cikin bango take. Aikinmu ya tsaya a akwatin."

Na ce, "Aikinku ya tsaya? Da kuka zo ai tarhon da ransa kuka same shi! Kun taɓa ganin likitan da zai kashe mutum ya ce aikinsa ya tsaya a allura?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Anti."

Na tambaya ko za a sauko da akwatin shago. Ta ce sai ma'aikaci ya zo, ma'aikata kuma ba su da sarari sai bayan sabuwar shekara. Na kira masu gyaran lantarki uku na unguwa, kowa na bisa tsani a gidan wani. Na taso Baffa ya hawo, na kira lambar gidan da salulata, na miƙa masa ƙaramin tarhon, na koma lungu ina ihu.

Ya ce, "Ba kowa a ciki."

"Ni ce a ciki, Baffa!"

"Akwai dai wani abu kamar sauro a kwalba."

Na sauka na kwance murfin baƙin tarhon don in ga ko za a iya ɗauko shi sama. Na tarar da ciki kamar hanjin kaza. Baffa ya dafe ƙirji ya ce in mayar tun kafin in kashe shi gaba ɗaya. Na mayar.

Yarinyar, in faɗi gaskiya, ba ta gudu ba. Ran Juma'a ita ta sake kirana. Ta ce in zare duk tarhon da ke gidan daga bango, in buɗe soket ɗaya bayan ɗaya in duba ko wayoyi biyun ciki sun haɗe ko sun yi tsatsa. Na ɗauki sukundireba na bi gidan. A hawa na biyu na tarar da ƙwan tsaka. A kicin na tarar da maiƙon shekaru da gawar kyankyaso. Na goge, na ɗaure, na hau na gwada, na sauko, na sake hawa, har cinyoyina suka fara zagina. Shiru dai.

Ta ce, "To saura abu ɗaya, Anti. Tsohon layin da ke zuwa daga falwaya an yanke shi a can waje, amma har yanzu yana haɗe da na gidanku. In bakunan da aka yanke suna taɓa juna, duk gidan zai mutu. Ki nemo inda ya shigo, za ki ga ɗan akwati da noti biyu. Ki kwance wayoyin da suka zo daga waje, shi ke nan."

Shi ke nan, in ji ta. Na bi wayar da yatsa a gefen matakala, tana hawa ina hawa. Ta wuce na uku. Ta shiga na huɗu, ta bi gindin bango, ta shige bayan teburin kakanni ta ɓace. Na leƙa taga ko zan datse ta daga waje. Maƙwabtanmu sun daɗe da gina ɗakin kwano a rufinsu manne da bangonmu, sun binne ta a tsakani.

Na juyo na ga Baffa ya tsaya tsakanina da teburin ya ware hannuwa.

Ya ce, "Ko da wasa."

Kowa ya san ba a motsa teburin sai ranar da aka sallami alloli suka hau sama kai rahoton shekara. A ranar ake sharewa, ake gogewa, ake matsar da abin da za a matsar. Ranar kuwa Laraba ce ta makon gaba. Siok-tin Lahadi za ta kira.

Na ce, "Tafin hannu ɗaya kawai za mu matsar da shi, Baffa. Ba za su ma farga ba."

"Ke an aurar da ke, ruwan da aka zubar ce. Ba ki da hannu a teburin nan."

"Amma ina da hannu a gawar kyankyason kicin ɗinku, ko?"

Ya ce zai tambaya. Ya kunna turare, ya yi bayani dalla-dalla, har da intanet, wanda shi kansa bai san mene ne ba. Ya jefa pue. Duka suka buɗe suna lilo. Dariya. Ya sake gyara tambayar ya jefa. Dariya. Ran Asabar ya sayo lemo da soyayyen kifin da Kaka ke so ya jera, ya jefa. Dariya! Na tsaya gaban allon sunayen kakanni na ce, "Kaka, kin ci kifi kin ƙoshi, ki ba mutum amsa mana! Ɗanki ya kusa saba'in, ko so kike ya zo muku can da takalmi ƙafa ɗaya?" Baffa ya toshe mini baki da hannu mai warin gora.

Ran Lahadi tun safe muka zauna a ɗakin Bun-hiong, ƙaramin tarho soke a akwati, Baffa ya sa farar riga ya shafa mai kamar za ta gan shi. Da rana ta take, sai ya yi ƙara. Na zungure shi, ya ɗauka. Ya kara a kunne, ya buɗe baki, ya kalle ni. Ba ya jin komai, kuma tsohon tsoron nan ya taso masa. Ko tari bai yi ba. Na ga idonsa ya fara neman taga, a hawa na uku! Na fizge tarhon.

Muryar Siok-tin ta ce, "Wa ke nan? Siu-kiau? Au, ke ya turo?"

"Goggo, ga shi nan, kunnensa ne, tarhon ne, kamfanin ne..."

"Ni ba 'yar ɗan'uwansa zan aura ba. Ga ɗana nan a tsaye yana kallona, ina da tambayar da zan yi wa mutumin nan a kunnensa, ya amsa da bakinsa. In mun gama cin abinci zan sake kira. Sau ɗaya." Ta ajiye.

Na faɗa wa Baffa a kunnen dama da ƙarfi. Sannan na zare ƙaramin tarhon, na mayar da wayar akwatin cikin soket ɗin bango.

Na ce, "Yanzu in ta kira ko sauron ma ba za mu ji ba. Ko baƙin tarho ya tashi, ko ka koma bencinka ka mutu a kai."

Ya miƙe. Ya hau na huɗu ina biye. Ya kunna turare, ya durƙusa ya jefa. Itatuwan suka yi tsalle, suka buɗe, suka yi ta lilo a ƙasa.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Dariya suke yi."

Na ce, "Sai yau ka lura?"

Ya miƙe a hankali, ya dubi allon. Ya ce, "Inna, tun da nake ban taɓa ganin kin ji kunyar cewa a'a ba. Haƙorina ma kin ce a'a. Da a'a ce, da tuni kin faɗa." Ya buɗe durowa ya ɗauko jan ƙyalle ya lulluɓe alloli da shi, ya ce su yi haƙuri da ƙura. Ya juyo gare ni. "Ke, ruwan da aka zubar, riƙe kaskon turaren nan da hannu biyu. In toka ta motsa, ke da Kakarki."

Mutumin da bai kai buhun shinkafa nauyi ba ya sa kafaɗa a jikin teburin katako da sai ƙarti huɗu suka hawo da shi. Ya tura. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Teburin ya yi wani kuka kamar tsohuwar akuya, ya matsa. Na sa ƙuguna ni ma ina riƙe da kasko, muka ƙara. Tafin hannu ɗaya da ɗan ɗori.

Na cusa hannu da fitilar salula. Ga ƙura, ga wani lemo da ya bushe ya zama dutse, ga ɗan akwatin toka-toka da noti biyu. Na kwance, na zaro wayoyin da suka fito daga bangon waje, na naɗe bakin kowacce da salatif daban. Ban ko zaro hannuna ba sai gidan ya ɗauka daga ƙasa.

Kirrrring!

Karen maƙwabta ya amsa. Ni da Baffa muka kalli juna, muka fashe da dariya kamar mahaukata, sannan muka tuna tarhon na ƙasa mu muna sama.

Ya yi taku biyu gwiwarsa ta ƙi. Turin teburin ya cinye ta. Ya kama ƙarfen matakala yana cewa wayyo, wayyo. Na duƙa a gabansa.

"Hau!"

"Kiau, ni baffanki ne..."

"Hau, ango, ko in jefa ka ta tagar da ka saba!"

Ya hau. Matakalar gidanmu kuwa ƙunci gare ta da tsayi kamar tsani. Na riƙa sauka ina karo da bango, shi yana shaƙe mini wuya, man gashinsa na ɗiga a kunnena. Yana cewa, "Yi sauri!" Yana cewa, "A hankali, za ki ka da ni!" Ina cewa ya zaɓi ɗaya. Silifas ɗina ya fice a hawa na uku ya riga mu sauka. Ƙararrawa na ta bugawa, duk lokacin da ta yi shiru don ta ja numfashi sai zuciyata ta tsaya tare da ita. A hawa na biyu wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, shi ne nake jinya har yau. Muka faɗo shago muka ture tarin madambaci, suka yi ta gangarawa har titi. Maƙwabta sun riga sun taru a ƙofa suna kallon mace da tsoho a goye.

Yana bayana ya miƙa hannu ya ɗauka.

Ya ce, "Ni ne! Ban-lai ne! Ina nan!"

Tarhon nan ba ya ɓoye sirri, duk layin sun ji ta. Ta ce, "Daga ina kake, kake haki haka?"

"Daga sama."

"To saurara. Ɗana ya ce in tambaye ka, tunda kai ba ka shan ruwa sai da izini: ka tambayi mutanen gidanku?"

"Na tambaya."

"Me suka ce?"

Baffa ya ce, "Dariya suka yi."

Sai muka ji ta kece da tata dariyar har tarhon na rawa. Ta ce, "Nawa ma haka suka yi, har ƙaramar 'yata ta shaƙe da miya! To ka zo cin abincin jajiberin sabuwar shekara. Ka taho da madambaci babba, mu da yawa ne. Kuma ta ƙofa za ka shigo, ta ƙofa za ka fita."

Ya ce to, ya ce to, ya ƙara cewa to, bayan ta daɗe da ajiyewa. Sai da na ce masa ya sauka daga bayana kafin ya tuna inda yake.

Da bazara aka yi bikin. A wurin cin abinci dattawan unguwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa ikon alloli ne, wai sun yi dariya don sun riga sun san ƙarshen zancen. Bun-hiong kuma, wanda ya dawo da kwalin alewa bayan an gama komai, ya tashi ya ce ai ga amfanin sabon layi nan kowa ya gani. Da ba don ƙuguna ba ya barina in miƙe da sauri, da ya sha miyar kifi ta ƙeya. Ba wanda ya ambaci sukundireba. Ba wanda ya ambaci matakala. Yarinyar kamfanin kaɗai ce ta yi ihu da na kira na faɗa mata, har ta manta ta ce mini yi haƙuri.

Baffa dai ya yi mini madambaci, ɗan ƙarami, da ɗinkin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa irinsa ba. Ya kawo da kansa ya ajiye a kan teburina, ya tambayi ƙugun. Har yanzu yana hawa na huɗu kullum safiya ya jefa pue. Siok-tin ta ce mini bambancin kawai shi ne yanzu sai ya gama yin abu sannan ya hau ya tambaya. Makon jiya ya je an cire masa wani haƙorin, Kaka ta ce a'a bayan an riga an cire.